Masu kiwon kare a Kano, a auna ƙirji kafin a sayi ɗamara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ɗan ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana a kan abin da na san wasu masu karatu za su ce dattijon nan ya rasa abin faɗa. Maganar kare ce, da abin da ake ɗaura masa in za a fita da shi.

Ni baduku ne, haifaffen Dukawa, kuma kayan doki na gada: ragama, kamazuru, majayi, da gyaran sirdi in hawan Sallah ya matso. A 'yan shekarun nan sai ga wani ciniki ya shigo wanda ban nema ba. Masu gidaje a Nasarawa da Bompai da Hotoro da Sabon Gari, har da sababbin unguwannin bayan gari, sun koma ajiye manyan karnuka saboda gadi. Su ne suke aiko mini da ɗamarar kare da ta tsinke in gyara, ko su ce in ɗinka sabuwa. Ɗamarar ƙirji nake nufi, madaurin nan da ke zagaye ƙirjin kare da kafaɗunsa, da zobe a gadon baya inda ake maƙala igiya, maimakon bel ɗin wuya ko sarƙa. Abin da ke zuwa hannuna shi ya sa ni wannan rubutu. Mutum zai zuba kuɗi ya sayi kare ɗan ƙasar waje, ya zuba a abincinsa, amma abu ɗaya tak da ke tsakanin haƙorin karen da ƙafar ɗan maƙwabci, da ido ake sayensa, ba awo ba gwaji.

Da yawa har yau a wuya suke ja. Wuyan kare kuwa ba wurin ja ba ne. Maƙogwaro yana gaba, jijiyoyin jini suna gefe da gefe, babu ƙashin da ya rufe su. In kare ya hango akuya ya zabura, igiya ta ƙare, duk nauyinsa a nan yake sauka, shi ya sa za ka ji yana kakari, idanu sun firfito. Ƙananan nan masu gashi da mata suke so a gida maƙogwaronsu ba shi da ƙwari, masu gajeren hanci kuma dama da ƙyar suke numfashi ko ba a shaƙe su ba. Namu na gida, irin na mafarauta, tasu matsalar daban ce: kan siriri ne, kaurinsa kusan ɗaya da wuya, to da ya ja da baya ya girgiza kai sai ka ga bel a hannunka, kare ya yi gaba. Mafi muni da na gani shi ne ɗan kwikwiyon da aka ɗaura wa igiyar leda aka manta. Shi yana girma, igiya ba ta girma. Lokacin da aka kawo shi a yanke, sai da na buɗa gashin da yatsa kafin na ga igiyar, ta nutse cikin nama ta yi rami zagaye da wuyan, ƙuda ya riga ya zuba ƙwai. Na sa tsinin almakashi na datse, na ce su wuce asibitin dabbobi kai tsaye.

To amma sayen ɗamarar ƙirji kaɗai bai raba ka da matsala ba. Wadda ba ta zauna daidai ba ita ma ciwo ce, wani lokaci ma ta fi bel saurin zamewa.

Kwanakin baya wani saurayi, maigadin wani gida a Nasarawa, ya zo rumfata da waya a hannu. Ya ce, "Baba, Alhaji ne ya aiko ni. Ga hoton karen, a ɗinka masa babba mai ƙarfi." Na ce, "Ɗana, hoto ba ya ba ni inci. Karen yana yarda ka taɓa shi?" Ya ce ai shi yake ba shi abinci. Na yanko masa zare mai kauri guda uku, na nuna masa a jikin ɗan akuyar maƙwabcina inda zai zagaya da kowanne, ya ƙulla, ya kawo mini. Da ya dawo ya haɗo da tsohuwar ɗamarar da Alhajin ya sayo, an rubuta XL a jikinta, ya ce duk hammatar karen ta saluɓe, gashi ya zube, wurin ya yi ja. Na shimfiɗa ta a kan tabarma na ɗora zaren. Zagayen ƙirji daidai yake. Madaurin da ke ratsawa tsakanin ƙafafun gaba ne ya gaza da kusan inci 3, shi yake janyo na ƙirjin ya cusa shi cikin hammata. Kowane taku sai ya goga. Maigadin ya ce, "Wallahi Baba mu mun ɗauka ƙazuwa ce, har magani aka shafa masa."

Ga yadda awon yake, da tef ɗin tela ko da zare, kare yana tsaye a kan ƙafafunsa huɗu, ba a zaune ba. Na farko zagayen ƙirji, a inda haƙarƙari ya fi faɗi, ɗan bayan ƙafafun gaba. Wannan shi ne uban awo. Na biyu gindin wuya. A nan ake yawan kuskure, domin mutane suna auna inda bel yake zama, can sama. A'a. Ka fara daga doron kafaɗa, ka gangaro zuwa ƙashin nan mai ɗan tsini da ke tsakiyar ƙirji ta gaba, wanda za ka ji da yatsa in ka shafa, ka koma ta ɗaya gefen. Na uku daga wannan ƙashin, ta tsakanin ƙafafu, zuwa inda madaurin ƙirji zai ratsa, wato wanda ya cuci karen Alhaji. Kada tef ya matse, kada ya yi lilo. In karen mai gashi ne, ka danna gashin ya kwanta, jiki ake aunawa.

Haruffan da ake rubutawa a jikin kaya, S da M da L, kada su ruɗe ka. Kowane kamfani da nasa, L na wannan shi ne M na wancan. Lambobin za ka duba, ka kuma lura ko inci ne ko santimita, domin inci 1 ya ɗan haura santimita 2.5, kuma telolinmu da inci suka saba. In awonka ya faɗa tsakanin girma biyu, ɗauki babban, in dai yana da wuraren ragewa. Gwargwadon yawan wuraren ragewa da ƙarawa, gwargwadon yadda za ta zauna. Mai wuri ɗaya tak, a ƙirji kawai, sai ka yi sa'a.

Sai siffa. Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Akwai wadda madauri ɗaya mai faɗi yake gittawa a gaban ƙirji, daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Tana da sauƙin sawa, tana da kyan gani, har da rubutu a gefe kamar ta karnukan 'yan sanda, shi ya sa samari suke rububinta. Akwai kuma wadda in ka tsaya a gaban kare za ka ga ta yi siffar harafin Y: madauri biyu sun sauko ta gefen wuya, sun haɗu a ƙashin ƙirji, ɗaya ya wuce ta tsakanin ƙafafu. Ni ta biyun nake ɗinkawa, kuma ita nake ba da shawara. Dalili shi ne kare ba shi da ƙashin nan da ya haɗa kafaɗa da ƙirji irin namu na mutane. Tsoka ce kawai take riƙe da allon kafaɗarsa, allon yana zamewa gaba da baya duk lokacin da ya ɗaga ƙafa, kuma ƙafafun gaba su ne ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa. Madaurin da ya gitta kan kafaɗa ya tare wannan motsi ke nan. In ya yi ƙasa ya taƙaita taku, in ya yi sama ya koma maƙogwaro, an gudu ba a tsira ba. Mai siffar Y tana barin kafaɗa a sake, jan ya sauka a kan ƙashi.

Bayan an sa, ga abin da za a duba. Ka zura yatsu biyu a kwance ƙarƙashin kowane madauri, na wuya da na ƙirji da na baya. Su shiga ba da kokawa ba, amma kada na uku ya samu wuri. Mahaɗar Y ta zauna a kan ƙashin ƙirji, ba a kan taushin maƙogwaro ba. Madaurin ƙirji ya bar tazara daga hammata, yatsu uku zuwa huɗu ga babban kare, biyu ga ƙarami, amma kada ya wuce haƙarƙari ya koma kan ciki inda babu ƙashi. Mu masu kayan doki mun san gyambon majayi: ba matsewa kaɗai ke kawo shi ba, sako-sako ma yana kawowa, domin abin da ke motsi shi ke goga. Haka yake ga kare. Sai ka tsaya a gabansa, a cikin gida ƙofa a rufe, ka ja igiyar zuwa wajen kansa kamar shi ne ya turje yana ja da baya. In ka ga gwiwar ƙafar gaba tana neman fita, to a titi zai fita, ranar da babur ya firgita shi. Daga nan ka sa wani ya yi tafiya da shi, kai ka tsaya daga gefe ka kalla. Zoben baya ya zauna a tsakiya, kada ɗamarar ta juya gefe ɗaya, kada kare ya riƙa dogarawa ko taƙaita taku. In an dawo a cire, a shafa hammata da ƙirji, a duba ja ko zubewar gashi.

Wannan dubawa ba ta rana ɗaya ba ce. Ɗan kwikwiyo kowane mako sai an sake gwada yatsu, manyan iri kuwa ƙirjinsu yana ci gaba da buɗewa har bayan sun shekara. Babba ma yana ƙiba yana ramewa, madauri kuma yana saki da kansa.

Bari in taɓa ɓangaren da ya fi shafar sana'ata. Fatar akuyarmu, ja ɗin nan da ta yi suna har ƙasashen Turawa, ta jaka ce da takalmi da ado. Taushi gare ta, tana miƙewa, ba ta riƙe babban kare. In fata ake so, sai kirgi mai kauri, a yi masa shafi da mai taushi ta ciki, a goge bakin kada ya yi kaifi. Amma ko da yake cinikina ne, gaskiya fata tana son kulawa. Hunturu yana busar da ita ta tsattsage in ba a shafa mata mai, damina kuma in ta jiƙe ta bushe sai ta ƙandare ta yi fumfuna. Ga wanda ya san ba zai kula ba, madaurin nailan ya fi masa, ana wankewa da sabulu a shanya. Ga manyan karnuka ni bel ɗin kujerar mota nake nema wurin masu kayan gyara a Ƙofar Ruwa. Faɗinsa kusan inci 2, an saƙa shi ne don ya riƙe mutum a lokacin haɗari, ba kare ne zai tsinka shi ba. Ƙaramin kare kuwa wannan ya yi masa faɗi, inci 1 ko ƙasa da haka ya isa.

Kusan duk wadda aka kawo mini gyara, ba madaurin ne ya tsinke ba. Ko dai zobe ne ya buɗe, ko maɓallin roba ya fashe, ko ɗinki ya warware. Ka juya zoben ka nemi mahaɗarsa. In an yi mata walda, madalla. In lanƙwasa ƙarfen kawai aka yi baki ya taɓa baki, fizga ɗaya zai wangale. Maɓallin roba mai araha rana tana cinye shi, ya yi fari-fari, wata rana ka danna ya ɓalle a hannunka. Ɗinkin da ke riƙe zobe ya zama murabba'i da gicciye a cikinsa, ba layi ɗaya ba. Araha ba ta ado. Ana tsintar masu kyau ƙwarai cikin kayan gwanjo, ban hana ba, amma a jiƙa su a ruwan zafi da sabulu kafin su taɓa jikin kare, a kuma bi ɗinkin da ido.

Masu kama da riga, masu soso a ciki da suka rufe baya da ƙirji duka, an yi su ne don ƙasashen sanyi. A Kano da zafin Afrilu ke haura digiri 40, sa wa kare wannan zalunci ne. Kare ba ya gumi a jiki kamar mu, da haki yake fitar da zafi. A nemi mai siraran madauri da iska za ta ratsa, a fita da shi bayan Asuba ko in rana ta yi sanyi. Ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta, in ba za ka iya daurewa ba, shi ma tafin ƙafarsa ba zai iya ba.

Wani abin da masu saye ba sa son ji: ɗamara ba ta hana kare ja. Ai da irinta karnuka suke jan keken ƙanƙara a ƙasashen da ake yin dusar ƙanƙara. In zobe a baya yake, ka ba shi damar ya sa ƙirji ya ja da duk ƙarfinsa. Shi ya sa nake ƙara zobe na biyu a gaba, a mahaɗar Y. In an maƙala igiya a nan, da ya zabura sai jan ya juyo da shi wajen mai riƙo. Wannan taimako ne kafin ya koyi tafiya, horon kuma sai an yi: ya ja ka tsaya cak, igiya ta saki ku ci gaba, haka har ya gane. Kuma a dubi wanda ake miƙa wa igiyar. Boerboel, ɗan Afirka ta Kudun nan da ake yayi, namijinsa yana haura kilo 60. Sai ka ga an ba yaro ɗan shekara goma sha biyu ya zagaya da shi, wa yake jan wani? Irin wannan kare babban mutum ne zai riƙe shi, da igiya mai maƙali biyu, ɗaya a ɗamara ɗaya a bel ɗin wuya, in ɗaya ya ci amana ɗaya na nan. In an san yana da cizo a sa masa takunkumi mai kama da kwando, wanda zai bar shi ya buɗe baki ya yi haki.

Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Karen da bai taɓa sa ɗamara ba, kada a danne shi a cusa masa a ja shi waje. A ajiye ta kusa da kwanon abincinsa ya shinshina. A riƙe ɗan nama ta cikin zagayen wuyan, shi da kansa zai zura kai. Ya yi yawo da ita a tsakar gida na ɗan lokaci, a cire, gobe a ƙara. In an dawo daga yawo a cire ta, ba kayan kwana ba ce. Kaska tana son ɓuya ƙarƙashin madauri, kare mai zaman kaɗaici kuma zai tauna ta. Ba a kuma ɗaure kare a turke da ita a tafi a bar shi, zai murɗa jiki ya fice ko ya harɗe.

Na san za a ce me ya haɗa Musulmi da wannan dogon bayani a kan kare. Hukuncin ajiye shi na malamai ne, kuma sun yi bayanin na farauta da na tsaron dabbobi da gona. Ni dai tun muna makarantar allo muke jin hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa da takalminsa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Wanda ya riga ya ajiye, haƙƙin dabbar yana wuyansa, haƙƙin maƙwabta ma haka. A lungunanmu mai alwala yana hanyar masallaci, 'yan Islamiyya suna tafe a jere, babu wanda yake son kare ya shinshine shi, kuma yana da gaskiya. Igiya kada ta wuce mita 2, in an zo wucewa ta cikin mutane a naɗe ta a hannu, kare ya koma ɓangaren bango. Mai kare shi zai kauce, ba mai tafiya ba.

Bel ɗin wuya kada a jefar, a bar shi sako-sako daidai yatsu biyu, a rataya lambar wayar mai shi. Allurar haukan kare kuma tun yana wata 3 ake fara ta, a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana haɗa ta a nan ƙasar, likitocin dabbobi kuma suna yi wa karnuka. Wanda tsautsayi ya sa kare ya cije shi ko ya yakushe shi, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, domin ciwon in ya bayyana ba a tashi.

Roƙona ga masu sayar da kayan dabbobi, da 'yan'uwana dukawa da suka fara karɓar wannan aiki: a rataye tef a rumfa, kada a sayar wa wanda bai zo da awo ba, kuma a yarda da canji in an je gida ba ta zauna ba. Likitocin dabbobi su ma, tunda karnukan suna zuwa hannunsu don allura, su ɗan zura yatsu ƙarƙashin madaurin kafin mai shi ya tafi.

Na gode da ba ni fili. Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Wani baduku,
Dukawa, cikin birnin Kano.